Kujerar da Aka Cire

…kuma yana numfashi. Wannan kam Inuwa da idonsa ya gani, ba labari aka ba shi ba: ƙirjin Kamil yana hawa yana sauka lokacin da suka tura shi ta ƙofar can mai gilashi, wadda yanzu take rufe. Alhamdu lillahi. Ƙafa ce ta karye, in ji likita, sai kuma baya — bayan ne ba su gama dubawa ba. To, ƙafa ai ɗora ta ake yi. Mutum ya faɗo daga sama da jirgi sukutum, a ce ƙafa? Alhamdu lillahi, alhamdu lillahi…

Yana zaune a bencin asibiti, hannaye a kan gwiwa. Baƙin mai ya shige masa ƙarƙashin farata. Ya wanke, ya sake wankewa, sabulunsu ƙamshi kawai ya iya. Mai. Abin da Kamil ya faɗa ke nan ta rediyo, da Larabci, muryarsa ko rawa ba ta yi: mai ya rufe min gilashi, ba na gani. Sannan injin ya yi tari, ya ɗauke. Injin da shi Inuwa ya kwance, shi ya ɗaure, ba wani ba. To daga ina man ya fito? Tsufa ne ya fasa injin, ko kuwa hannun da ya —

A'a. Ba yanzu ba. Yanzu godiya ake yi.

Jirgin bai faɗa kan mutane ba, a fara da wannan. Tsohon, Abu Kamil, maigidan Inuwa kuma kafilinsa mai tsaya masa a ƙasar, shi ya nace a mayar da 'yan kallo can bayan rumfar jirgin. Dangi ne da abokai, sun fito bayan gari ganin gwaji da shayinsu da dardumarsu, suna ta mita: daga nan me za mu gani? Tsohon ko a jikinsa. Tun ranar da ya ga bidiyon nan na Amurka a waya, inda wani jirgin tsere irin nasu ya kifo kan 'yan kallo, ya ce shi ba a filinsa ba. Ya sa aka yi wa ɗan nasa sabuwar ɗamara mai riƙe kafaɗu, aka gitta ƙarfe a bayan kansa. Kamil yana dariya, wai Baba so yake ya mayar da jirgin keji. Yau da jirgin ya kife, ƙarfen nan ne ya tokare ƙasa. Allah ya saka wa taurin kan tsoho da alheri. Allah ya saka wa Buraima, mutumin Damagaram mai tankar ruwa, wanda ya figi mota kafin hayaƙi ya zama wuta. Har rairayin ma… wa ya taɓa gode wa rairayin Riyad? Shekara da shekaru Inuwa yana tsine masa, ya shiga abinci, ya shiga ido, ya shiga injin. Yau shi ya karɓi yaron, da laushinsa.

Waya tana rawa a aljihu. Matarsa ce, Sabuwa, daga gida a unguwar Gubaira. Ai ya riga ya gaya mata: lafiyata lau, ba na ciki. Ta fashe da kuka, tana cewa Allah na gode maka da aka cire kujerar nan, Allah na gode maka… Ba zai ɗauka ba. In ya ɗauka, abin da za ta sake faɗa ke nan.

Kujerar. Ta baya.

Jirgin yaƙi ne, na Yaƙin Duniya na Biyu, ya girmi Inuwa nesa ba kusa ba. Gunduwa-gunduwa tsohon ya sayo shi, aka harhaɗa, ya sa aka dasa kujera ta biyu a bayan matuƙi. Ba don baƙi ba. Don bakanike. Doka ce ta gidan, kuma ita kaɗai ce: wanda ya kwance injin ya ɗaure, shi ke zama a baya ranar gwaji. Ba faɗa, ba tuhuma, ba cewa ka tabbata ka ɗaure? Hau kawai. Baturen da ya koya wa Inuwa aikin ya hau har ya tsufa ya koma ƙasarsu, kujerar ta zama gadon Inuwa. Gado! Mutumin da ya zo Riyad gyaran manyan motoci, wanda jirgin da ya kawo shi daga Kano ma da amai ya sauka. Kowane gwaji, ido a rufe, yana jan duk addu'ar da ya sani har da ta shiga kasuwa. Kamil tun yana saurayi ya gane shi, sai ya karkata jirgin da gangan, ya ce ta rediyo, ya ammi, buɗe ido ka ga gidanku. Ja'irin yaro. Ammi yake ce masa, baffa, tun bai kai ya hau keke ba…

Wata nas ta fito. A'a, ba wurinsa ta nufa ba. Takalminta yana ƙara a kan siminti har ta sha kwana.

Sai Kamil ya dawo daga karatu da ciwon tsere. A rage tsawon fukafukai. A ƙara wa injin ƙarfi, a matse shi ya ba da abin da masu ƙera shi ba su taɓa nema a wurinsa ba. A gwada a nan, in ya yi, a kai shi Amurka ya kara da 'yan uwansa tsofaffi. Kuma kar Inuwa ya yi wa kansa ƙarya a bencin asibiti: bai hana ba. Daɗi ya ji. Ranar da suka tayar da injin bayan gyara, ƙarar ta girgiza kwanon rumfa, tsigar jikinsa ta tashi, ya ce kai, tsoho ya tuna ƙuruciya! Amma injin da aka matse haka zafi yake yi, sai ana fesa masa ruwa yana cikin gudu. Ruwa kuwa tanki yake so. Tanki kuma wuri yake so. Wurin ɗaya ne tak a cikin jirgin.

Da hannunsa Inuwa ya kwance kujerar. Tsohon yana tsaye, ransa bai so ba, yana cewa dokata fa? Kamil ya ce, Baba, ammi Inuwa ai ya wuce gwaji. Aka yi dariya. Shi kuwa ya saɓi kujerar ya kai ta lungu, ya ɓata fuska kamar an yi masa ƙwace, a zuci kuma… a zuci alhamdu lillahi yake yi. Tun ranar yake godiya. Ba yau ya fara ba.

To laifi ne? Mutum ya gode wa Allah da ya raba shi da abin tsoro, laifi ne? Ga shi nan yau ya ga wurin da idonsa. Tankin ya lotse ya koma kamar gwangwanin madara da mota ta taka. Da nan ƙirjinsa yake. Da yanzu Sabuwa tana zaune cikin mata ana ba ta haƙuri da Larabci. Ya rayu. Yana jin sanyin bencin nan a cinyarsa, yana jin yunwa ma, abin kunya, yunwa sosai. Allah mai iko. Alhamdu —

Injin ne. Tsufa ne. Ƙarfe ma gajiya yake yi, Baturen ya sha faɗa, kuma ba ya sanar da kowa. Ka ɗauki dattijo ka ce ya yi gudun samari, wani abu zai fashe, ko fistin ko bututu. Kowa ya san haka. Kamil ya sani. Ba wanda zai kalli Inuwa. Aikin an yi shi yadda ake yi, an gama tun jiya, kowane noti an ɗaure, kowanne an zura masa 'yar wayar nan da ke hana shi warwarewa in jirgi yana jijjiga. Har na ƙasan nan, na bututun mai, mugun, wanda sai ka kwanta rigingine ka cusa hannu ka lalubo shi. Ya ɗaure shi. Yana jin sifana a tafinsa har yanzu. Wayar kuma… ga hannunsa nan yana murɗa ta da filaya, yana gani sarai. Yana gani. Amma na yaushe yake gani? Na jiya ne, ko na bara, ko na shekarun baya? Duk hannu ɗaya ne, duk noti ɗaya, duk kwanciya ɗaya. Ya za a yi mutum ya bambance?

Da can ba ya buƙatar bambancewa.

Ga abin da ba ya so ya taɓa, ga shi ya taɓa. Duk ranar gwaji, tun daga sallar asuba cikinsa ya ɗuri ruwa. Ba ya iya cin komai. Sai ya riga kowa zuwa rumfa, ya buɗe murafen injin da ya rufe jiya, ya bi noti ɗaya bayan ɗaya da yatsa, ya ja kowace waya ya ji ta riƙe. Ba wanda ya sa shi. Ba ya cikin aikin ma, aikin ya ƙare. Ragwanta ce kawai, haka yake kiranta, yana ɓoye ta kar Buraima ya gani ya yi masa waƙa. Kuma yawanci ba ya samun komai. Yawanci. Akwai ranar da ya tarar da waya an murɗa ta a baibai, da hannunsa, ya gyara bai gaya wa kowa ba, ya hau kujerarsa yana karkarwa kamar kullum.

Yau da safe fa?

Yau da safe wake da gurasa mai zafi suka ci, shi da Buraima, a inuwar tanka. Har ya ƙara. Ya sha shayi da madara, yana ba da labarin yadda ya yi amai a jirgin Kano, Buraima yana dariya har da buga ƙafa. Cikinsa lafiya lau, bai taɓa jin daɗin safiyar gwaji irin yau ba. Ya wuce ta gefen jirgin, ya dafa shi, ya ce Allah ya kiyaye. Shi ke nan. Ba mantawa ya yi ba — ina ma mantuwa ce. Abin da ke tayar da shi ya je ya duba ne babu. Ya tafi tare da kujerar, yana can lungu ƙura ta rufe shi. Ashe tsohon ba hannunsa yake gwadawa ba duk shekarun nan. Tsoronsa yake ɗauka aiki, kyauta, shi kuwa bai sani ba…

To amma wa ya ce wayar babu? Watakila tana nan daram. Watakila fistin ne ya huda injin, man ya tsiyaye ta can. Watakila ko ya duba da safen ba abin da zai gani. Watakila. Ya Allah, kai ka san inda man nan ya fito. Na gode maka da ka bar shi da rai. Na gode maka da ka bar ni. Amma ka san —

Ƙofar gilashi ta buɗe. Tsohon ne, farar rigarsa duk rairayi da jinin ɗansa, hiramin kansa ya zame bai gyara ba. Inuwa ya yunƙura zai tashi. Tsohon ya zo ya zauna a gefensa, a benci ɗaya, kafaɗa da kafaɗa.

"Ya motsa 'yan yatsun ƙafa," in ji shi. "Duka biyun."

Hawaye. Daga ina suka fito haka da yawa? Zai taka. Yaron zai taka da ƙafarsa, zai sake tsokanar mutane, zai yi aure, zai… Inuwa yana kuka kamar ba magidanci ba, bakinsa yana ta godiya, kuma wannan godiyar gaskiya ce, wallahi gaskiya ce, ba abin da ke ƙarƙashinta. Wannan mutumin ne ya ɗauko shi daga ƙarƙashin tirela. Shi ya yi ta zirga-zirga har Sabuwa ta samu takardar zama. Bai taɓa riƙe masa fasfo ba, bai taɓa ɗaga masa murya ba. A ce yau ɗansa ya —

Tsohon ya kamo hannunsa, da baƙin man da komai, ya riƙe.

"Na gode wa Allah da ba ka ciki, ya Inuwa. Da yau na rasa ka." Ya share ido da bakin hirami. "Gobe za a kwaso jirgin a kai rumfa. Hukuma za su turo mutanensu, amma ba su san injin nan ba. Kai za ka fara buɗe shi, kai kaɗai, ka gaya min abin da ya so ya kashe min ɗa. Abin da ka ce shi zan yarda."

Shi kaɗai. Rumfa a rufe, ba Buraima, ba kowa. Zai kwanta rigingine, ya cusa hannu, ya lalubo. In wayar tana nan, tana nan. In babu… guntuwar waya ce fa, akwai nadinta a akwatin kayan aiki, murɗa ta ba ya ɗaukar komai, wa zai — A'uzu billahi. Wa ya kawo wannan? Daga ina wannan ya fito? Shi ne ya yi tunanin nan, yanzu, hannunsa a cikin na mutumin?

Tsohon yana jiran amsa. Bai matsa ba, jira kawai yake, irin jiran wanda ya riga ya san za a ce to. Tafinsa da ɗumi, ya ƙara damƙewa. Inuwa ya gaji. Kai, ya gaji… Hannun nan dai, ya rasa yadda zai zare shi.