Zanen da Bu Warsini ta ɓoye

Ranar da Pak Darmaji ya ɗaga buhun shinkafa bayansa ya riƙe, matarsa Bu Warsini ta yi abin da kowace mace ke yi a ƙauyensu na gefen Klaten. Ta shafa masa mai, ta kankare bayan da tsohon kwabo har ya yi jajayen layuka, don sanyin da ya shiga ya fita. Bai fita ba. Washegari ta tarar da zanen kwanansa sharkaf da fitsari, shi kuwa bai ma sani ba. Mutumin da ya tsufa yana shugabancin makarantar firamare! Ta wanke zanen a ɓoye, ta shanya a bayan murhu.

Surukinsu Gunadi ne ya kai su sashen gaggawa na asibiti. Likitar da ta tarbe su kuwa Nastiti ce, yarinyar da Pak Darmaji ya koya wa karatu da kansa. Ta duƙa ta kai hannunsa goshinta don girmamawa, sannan ta ɗaga masa riga.

"Kai, Bu! Ai kin mayar mana da malam damisa."

"In ban yi ba ya ce na daina kula da shi."

Aka yi dariya. Nastiti ta tambayi zazzaɓi, ta tambayi rama, ta danna ciki, ta sa ya ɗaga ƙafafu, ya ɗaga. Sai ta yi ƙasa da murya.

"Pak, ka gafarce ni. Tsakanin cinyoyinka akwai inda ya mutu, ba ka jin taɓi? Fitsari fa, kana iya riƙewa?"

Pak Darmaji ya zuba wa rufi ido. Ga suruki tsaye da takalmansa a hannu, ga ɗalibarsa tana jira. Tausayinsa ya kama Bu Warsini, bakinta ya riga hankalinta.

"Lafiya lau, 'yata. Sanyi ne kawai."

"Haka ne, Pak?"

"Kin ji abin da ta ce."

Nastiti ta nemi ta duba da kanta, ya dafe ƙullin zanensa. Ita ma nauyin malaminta ya hana ta matsawa. Ta ba shi maganin ciwo, ta ce da zarar an ga ɗaya daga cikin abubuwan da ta tambaya, a dawo da shi nan take.

Bu Warsini ta ji sarai. Ta ci gaba da wanki a ɓoye tana cewa gobe zai warware, har safiyar da ƙafafun suka ƙi ɗaukarsa. A asibiti hoto ya nuna guringuntsin ƙashin baya ne ya goce ya danne jijiyoyi. An yi masa aiki, amma bakin alƙalami ya bushe. Nastiti ta sami Bu Warsini a barandar asibiti, idonta jawur.

"Bu, yaushe ya fara?"

Bu Warsini ta juya ta koma wurin mijinta, likitar kuma ba ta sake tambaya ba.

Yanzu kullum sai ta wanke zannuwa, bayan murhu kuma ba ya ɗaukarsu. Nadama na cin ta, ba ta da wanda za ta gaya wa. Wata safiya tana ta neman inda za ta rataya su, Pak Darmaji ya turo kekensa na guragu bakin ƙofa, ya daɗe yana kallonta.

"Kai su igiyar ƙofar gida, Bu. Can rana ta fi. Wa ya rage bai sani ba?"