Layin da Firam Ya Rufe

Ranar da takardar jami'a ta iso, Duane Vosika bai bari ta huce ba. Ya kai ta gari aka sa mata firam, ya rataye ta a ɗakin girki, sannan ya kafa allo a ƙofar gona: KENDRA ZA TA KARANTA LIKITANCIN DABBOBI. Mutumin da sai an yi da gaske ake jin gaisuwa daga bakinsa, sai ga shi yana tare mutane a kasuwar shanu da labarin 'yarsa, har suka fara canza hanya in sun hango hularsa.

Kendra ma bakinta har kunne. A makarantarsu kowa ya san zangon ƙarshe na sharholiya ne, tunda jami'a ta riga ta ɗauke ka. Da Maris ya kama, shanu suka fara haihuwa, uban ya kan leƙo da sassafe.

"Likita, ga wata karsana can ɗanta ya juyo da baya. Ko sai kin karɓo digirin?"

Sai ta zura takalmin roba tana dariya. Hannunta siriri ne, yana shiga inda nasa ba ya shiga, kuma ba abin da ke mata daɗi irin ta ga ɗan maraƙi ya yi atishawa ya miƙe. Darasin kemistiri na ƙarfe takwas kuwa, ya dinga wucewa ba ita.

Tsakiyar Afrilu Malama Hruska mai koyar da kemistiri ta tsayar da ita a ƙofar aji.

"D gare ki, Kendra. Kin karanta takardar jami'ar nan har ƙarshe kuwa?"

"Tana jikin bango, Malama."

"To, sauko da ita."

Da wuƙar shafa man shanu ta ɓalle bayan firam ɗin. Can ƙasa, inda katakon ya rufe, ga layi biyu: duk wanda ya sauka ƙasa da C a kowane darasi, jami'a za ta janye gurbinsa. Allon ƙofar gona ta fara tunawa, da duk motar da ta wuce ta karanta shi.

"Baba, ka ga wannan?"

Duane ya ɗauko tabarau, ya karanta har sau biyu. "Mai firam ya ce takardar ta yi tsawo. Ni na ɗauka gaisuwar ban kwana ce a wurin."

"Sai na ci tamanin a jarrabawar ƙarshe. Saura mako biyar."

Ya fita ya tumɓuke allon ya kifa shi a rumfar ciyawa, ya kwashe takalman robarta ya kulle a motarsa.

"Daga yau shanu sun sallame ki."

Mako biyar ta yi tana dambe da littafi. Ta taga takan hango shi yana ɗingishi da gwiwarsa mai ciwo zuwa garke shi kaɗai. In ta tambayi labarin shanu, sai ya ce suna gaishe ta.

Ranar sakamako Malama Hruska ta miƙo mata takarda tana wani ɗaure fuskar ƙarya. Tamanin da huɗu. Kendra ta rungume ta har tabarau ɗin malamar ya karkace, ta faɗa mota, ta danne oda tun daga gadar rafi, karnukan maƙwabta na bin ta da haushi. Murna kamar ta tsage mata ƙirji.

Sai ta ga allon tsaye a ƙofar gona.

"Wa ya gaya maka?" ta tambaya tun kafin ta kashe mota.

"Ba kowa. Tun safe na mayar da abina."

Ta ƙwace mukullin motarsa ta ciro takalmanta, ta ruga garke tana kiran shanun ɗaya bayan ɗaya. A bakin shinge ta ja ta tsaya. Wata jar karsana da ta fi so tana tsaye ita kaɗai, hantsarta cike.

"Baba, ina ɗanta?"

Ya jingina da shingen yana kallon hannuwansa. "Shi ma da baya ya zo. Hannun nawa ya yi kauri. Bai rayu ba."

"Ai da ka kira ni."

"Kina aji." Ya gyara hula. "Kuma gara na fara koya tun yanzu, Likita. Maris mai zuwa ai kina can."