Shatin Ruwa a Katangar Garzali

Wata goma sha huɗu ke nan da Garzali ya rubuta "Gidan Sayarwa" da gawayi a jikin katangarsa. Damina ta wanke rubutun, ya sake. Burinsa ya rabu da gidan ya koma Kano ya kama shago, amma ko kare bai tsaya ya shinshina ƙofar ba.

Sai ga Lukman, maƙwabcinsa kuma abokinsa tun na ƙuruciya, shi ma ya ce zai sayar da nasa. Ya kwashe awakinsa ya kai gidan yayarsa a Darki, ya yashe kwata, ya sauya langa-langan banɗaki. Sannan ya shafe katanga da farin fenti, daga ƙugu zuwa ƙasa kuma ya yi mata shuɗi. Da hantsi ya ɗauki hotuna, matarsa Khairiyya ta tura wa matan malaman jami'a ta waya.

"Wa za a aura wa gidan ne, ango?" in ji Garzali daga kan dakalinsa.

"Kai ma ka wanke wa naka fuska, mutumina. Yadda yake ɗin nan ko aljani sai ya yi shawara."

Garzali ya yi dariyar da ba ta wuce haƙora ba. Cikin mako uku motoci biyar ya ga sun tsaya a ƙofar Lukman, kowacce kuwa kamar a kan ƙirjinsa aka faka ta. Layi ɗaya, gini iri ɗaya, har magini ɗaya. Me Lukman ya fi shi in ban da fenti?

Ranar Asabar bayan la'asar Dakta Muhyiddeen, wani malamin jami'a, ya dawo karo na uku. Da Lukman ya shiga ciki ɗauko takardun fili, Garzali ya sauko daga dakali. Aka gaisa, aka tambayi iyali, aka tambayi gajiya.

"Ranka ya daɗe, ba don hassada ba, don Allah zan faɗa maka. Ka san abin da shuɗin nan ya rufe?" Garzali ya ja shi zuwa tasa katangar, ya ɗora yatsa a kan wani baƙin shati da ya kai gwiwa. "Duk shekarar da kogi ya cika, nan ruwa yake zuwa. Ni har cikin ɗaki. Bara a kan tebur na kwana."

Dakta ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallon shatin.

"Ai Malam Lukman ya gaya min tun ranar farko. Ya nuna min inda ya ɗaga daɓen da bulo biyu, da magudanar da ya fitar ta baya. Shi ya sa na yarda da shi." Ya ɗaga kai ya dubi rubutun gawayin. "Wannan ne naka? Malam Lukman ne ya ce in kawo abokin aikina gobe ya duba, wai ɗakunanka sun fi nasa faɗi. To, gara da ka faɗa. Mutumin yana da ƙananan yara, bari in kira shi kada ya wahalar da mota."

Ya ciro waya ya matsa gefe. Lukman ya fito da takardu a hannu, yana murmushi.

"Mutumina, ka ji albishir ɗin?"

Yatsan Garzali na nan a kan katanga. Ya rasa yadda zai yi ya sauke shi.