Ƙayar da ke cikin katanga

Shekara uku Merle Stinchfield yana yaƙi da ƙaya, kuma har yanzu ƙayar ce a sama. Itatuwan fayin, dogayen nan da ake yin katako da su, dubu huɗu suka dasa a tudun bayan gida, shi da matarsa Dorcas kafin ta rasu, ga shi cutar tsatsa tana ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Sai ka ga ɓawon itace ya kumbura ya tsage, ƙaro yana tsiyaya, reshe ya yi ja ya bushe.

Abin haushin, cutar ba ta tsallakawa daga fayin zuwa fayin. Dole sai ta yada zango a ganyen guzberi, 'yar ƙayar nan mai 'ya'ya masu tsami, sannan iska ta mayar da ita kan itatuwa. A tumɓuke guzberi, magana ta ƙare. Kowa a jihar Maine ta Amurka ya san haka, shi ya sa gwamnati take turo ma'aikata duk bazara su bi daji suna tumɓukewa. A tudun Merle dai maganar ta ƙi ƙarewa.

Ba maƙwabcin da bai zarga ba. Ya leƙa bayan rumbunan mutane, ya yi cacar baki a ƙofar coci, har an daina gayyatarsa cin wake ranar Asabar. Lavinia, yayar Dorcas, da ke zaune a gindin tudun, tun shekarar farko aka tumɓuke nata guzberin na lambu tana tsaye tana kallo, kuma Merle ne da kansa ya nuna wa ma'aikata hanya.

Da shugaban ma'aikatan, Alcide Gagnon, ya dawo a watan Yuni da mutum biyar, Merle ya tare shi tun daga bakin hanya.

"Kun zo yawon shan iskar da kuka saba?"

"Haba Merle, sau uku muna tsefe tudun nan. Ko ƙwarƙwata ce da mun kama ta."

"To daga ina cutar take zuwa? Daga aljihuna? Bana ɗari biyu na sare na ƙona. In aka ƙara shekara biyu a haka, ko sandar kora shanu ba zan samu ba. Yau ƙafata ƙafarku."

Suka jeru kafaɗa da kafaɗa kamar yadda aikin yake, na ƙarshe yana jan farin zare don a san inda aka bi. Merle yana biye da su yana mita. Duk ƙayar da ya gani sai ya daka tsawa, Alcide ya juyo a gajiye.

"Wannan ba ita ba ce. Dubi ganyen. Na guzberi kamar tafin hannu yake, ƙayar kuma a gaɓa take fitowa."

"Ni za ka koya wa guzberi?"

"To daina tsayar mini da mutane."

Wajen tsakar rana layin ya iso wata 'yar katangar duwatsu a tsakiyar itatuwan, makabartar gidan Stinchfield, inda kakanninsa suke, inda Dorcas take. Ma'aikatan suka cire huluna, uku suka bi dama, biyu suka bi hagu, mai zare ya zagaya da zarensa, suka sake haɗuwa a gaba suka mayar da huluna.

Merle ya tsaya cak.

"Alcide! Wannan fa?"

"Wanne?"

"Kun tsallake."

"Ba ma taka kabarin mutane. Haka muke yi ko'ina. Mai gida ne yake duba nasa." Alcide ya dube shi da kyau. "Ai ka duba, ko?"

Rabon Merle da cikin katangar nan tun ranar da aka binne Dorcas, shekara huɗu ke nan. In aiki ya kawo shi wajen, yakan kau da kai ya ƙara sauri.

Ya tura 'yar ƙofar ƙarfen katangar. Ga guzberi nan a kan kabarin Dorcas, guda biyar, sun kai masa ƙugu, sun yi kore shar. An yi musu aski, an zuba musu taki, ko ciyawa ɗaya babu a gindinsu. Ya juya ganye ɗaya, bayansa duk ɗigo-ɗigon tsatsa masu ruwan goro. Ransa ya ɓaci. Ya sauka tudun kusan da gudu, ya dawo da Lavinia tana goge hannu a gaban riga.

"Ke ce?"

"Ni ce."

"Ko kunya babu! Kina kallo ina zagin mutanen gari, kina kallo itatuwana suna mutuwa!"

"Itatuwanka? Ita ma ta dasa, har bayanta ya ƙage. Guzberin nan kuma na mahaifiyarmu ne, da shi Dorcas take dafa maka abin shafa wa burodin da kake lashe cokali. Ranar da ka kawo mini mutanen nan na yanki rassa biyar na ɓoye."

"Duk faɗin duniya ki rasa inda za ki dasa sai tsakiyar gonata?"

"Na nemi inda ba mai shiga ne, Merle. Su ba sa shiga don ladabi. Kai kuwa na san ba za ka zo ba."

Ma'aikatan suka sunkuyar da kai. Fushin Merle yana nan, amma kunya ta danne shi, irin kunyar da bai taɓa ji ba.

Alcide ya yi gyaran murya.

"Sai an fitar da saiwar duka fa. In aka bar ko guntu, baɗi za ta tsiro." Ya miƙo masa ƙaramar diga.

Merle ya dubi digar, ya dubi kabarin, ya girgiza kai.

"Ku je ku ƙarasa layinku."

Ya durƙusa, ya cusa yatsu cikin ƙasa a gindin na farko. Ƙaya ta shiga masa hannu, ya ja tsaki, ya ci gaba da tono. Lavinia ta daɗe a tsaye tana kallonsa. Can ta tattare rigarta ta durƙusa a ɗaya gefen, ta kama reshen ta ɗaga masa don ya ga saiwar.

"A hankali," ta ce. "Nan ne wajen da kanta yake."