Tiyon Mai

Warin fetur ya cika motar tun kafin su fita daga unguwa. Direban, Teófilo, ya taka birki a gaban rumfar mai burodi, ya kashe inji.

"Me kuma ya faru?" wata ta yi magana daga baya. "Ko tsohuwar motar taka ta sake suma?"

Matan suka yi dariya. Dukkansu masu tsinkar inabi ne a manyan gonakin yankin Ica, sun matsu a kujeru da hulunansu da robobin ruwa. Matarsa Zoraida na cikinsu, kusa da ƙofar da ba ta buɗuwa sai daga waje.

Ya sauka ya ɗaga murfin inji. Ya bi tiyon mai da yatsa tun daga famfo har kafireta. Can a lanƙwasa ya ji danshi. Robar ta bushe ta tsage, fetur na ɗiga a hankali a kan ƙarfen salansa mai zafi, kowane ɗigo na yin cuu ya tashi hayaƙi. Bara wata irin wannan motar ta kama da wuta a babban titi, aka kwaso gawarwakin mata a buhuna, aka yi kwana biyu ana zancen a rediyo, shi ke nan.

"Kowa ya sauko," ya ce.

* * *

Don Aurelio, mai motar, ɗan kwangilar da ke kai wa gonaki ma'aikata, ya iso a farar motarsa. Ya leƙa injin daga nesa, yana toshe hanci da hankici.

"Wannan ɗan ɗigon ne ya tsayar mini da aiki? Ka ɗaure shi da robar taya mu tafi."

"Na ɗaure a watan jiya, Maigida. Na ce maka a sayo sabo."

"To ka ƙara ɗaurewa. Inabi ba ya jiran kowa."

"Ba zan tuƙa ta ba."

Don Aurelio ya juya wajen matan, ya sassauta murya. "Kun dai ji. Duk wadda ba ta isa gona kafin a rufe ƙofa ba, yau babu aiki. Ni ba ruwana."

Sai Doña Felícita, wadda jikoki ke jiranta a gida, ta gyara hularta ta nufi ƙofar motar.

"Ɗana Teo, ka yi haƙuri ka kai mu," ta ce. "Wuta ƙila ta tashi, ƙila ba ta tashi ba. Yunwa kuwa tana nan zaune a ɗakina."

Wasu suka bi bayanta. Teófilo ya dubi Zoraida. Ba ta motsa ba. Ta ciro almakashin tsinkar inabi daga aljihun rigarta, ta miƙa masa a gaban kowa.

"Idan ka bar masa ita haka, wani direban zai kira ya ja ta," ta ce.

Ya karɓa. Ya sunkuya ya datse tiyon gida biyu, ya fizge guntun ya jefar a gaban takalmin Don Aurelio.

"Ga shi nan, Maigida. Yanzu dole ka saya."

"Kai da tuƙi a garin nan kun rabu," in ji Don Aurelio. Ya nuna Zoraida da makulli. "Ke ma kada in ƙara ganinki a motata."

"Motarka?" ta ce. "Ai akwatin gawa ma ya fi ta, shi mutum ɗaya yake ɗauka."

Babu wadda ta yi dariya. A ranar maƙwabta ba su amsa gaisuwarsu ba.

* * *

Washegari da asuba Zoraida ta ɗaura hula ta kama hanyar wata gona a ƙafa neman aiki, ko za a dace. Teófilo ya riƙe mata robar ruwa, yana tafe a gefenta.

Sun yi nisa sai ga motar ta taho, wani sabon direba a ciki. Don Aurelio bai sayi komai ba. An ce ya sa an yanko tiyon ban ruwa daga lambu an haɗa. Motar cike take har bakin ƙofa. Doña Felícita na zaune ta taga, ta gan su, ta sunkuyar da kai tana motsa baki da addu'a.

Zoraida ta tsaya tana kallo har motar ta sha kwana. Sannan ta karɓi ruwan ta kurɓa, ta ci gaba da tafiya.