Ragon Si Bushta da Kwanan Watan Makka

Si Bushta maƙwabcina ne a garin Wazzan na ƙasar Maroko tun muna da baƙin gemu. Masaƙi ne, hannunsa na da kyau, amma kansa dutse. In ya ce bango fari ne, ko da shuni ka shafe shi a gabansa, fari ne.

'Yarsa Nazha, wadda ke aikin jinya a Miknas, ta kawo masa kwamfuta don ya riƙa ganin jikokinsa. Ta kunna masa ita, komai da Faransanci, kamar yadda ta zo daga kanti. Nazha na juya baya ya naɗe abin a cikin jallabiya, ya ja ni muka tafi shagon Mubarak mai gyaran waya.

"Cire mini harshen nan," in ji shi. "Masu harshen nan sun fita daga ƙasarmu ina yaro, ba za su dawo mini ta falo ba."

Mubarak ya taɓa nan ya taɓa can, sannan ya ce, "Larabcin wace ƙasa, Baffa? Ga Maroko, ga Masar, ga Saudiyya."

"Larabci ma kashi-kashi ne? To ba ni na inda aka saukar da shi."

"Baffa, in na sa Saudiyya, ba harshen kaɗai zai canza ba."

"Kai da ba ka iya ɗaura rawani ba za ka koya mini? Sa."

Mubarak ya sa. Lambobi suka koma irin na Larabawan gabas, waɗanda mu nan ba mu saba da su ba, kwanan wata kuma ya koma na Hijira. Wannan ya yi wa Si Bushta daɗi ƙwarai. Da ma ya ɓata da limamin unguwarmu a kan wata 'yar magana ta gyaran rufin masallaci, ya koma sallah a gida. Yanzu ga shi ya samu na'urar da ke faɗa masa wata ba sai ya tambayi kowa ba. Shi a ganinsa, abin leƙa samaniyar Wazzan yake yi da kansa.

Babbar Sallah ta matso. Aka sanar cewa a ƙasarmu ba a ga wata ba sai kwana guda bayan mutanen Saudiyya sun gani, kamar yadda yakan faru. Si Bushta kuwa ya shekara yana kiwon ragonsa a kan soro, da sha'ir da busasshen burodi, rago mai ƙaho kamar an zana. Duk layinmu an san shi.

Ranar da muke azumin tara ga wata, da hantsi, na ji ana wasa wuƙa a gidansa. Na shiga ba ko sallama mai kyau.

"Si Bushta, gobe ce Sallah."

"Gobenku. Zo ka gani." Ya nuna mini kusurwar allon kwamfutar. "Goma ga wata. Wannan ba ta da ciwon ido kamar masu duba muku wata, ba ta kuma cin kuskus a gidan kowa balle ta yi son kai."

"Liman bai yanka ba. Wanda ya riga liman, nama kawai ya yanka."

"Wane limamin? Wanda rufi ke yoyo a kansa?"

Matarsa Lalla Zuhur na tsaye da kwano a hannu. Ta ce mini, "Bar shi, Si Allal. Tun asuba nake magana, har miyauna ya bushe."

Na fita. Kafin azahar ƙanshin hanta da aka naɗe da kitse ya cika layin, mutane na azumi suna haɗiyar yawu suna tsine wa hancinsu. Har Si Bushta ya aiko mini da tsinke biyu, wai in ci albarkar layya. Na mayar.

Da la'asar Nazha ta iso da 'ya'yanta don yin Sallah a gida. Ta tarar da fatar rago a shanye. Lalla Zuhur ta aika a kira ni, wai ko zai ji kunyar idona.

Nazha ba ta ɗaga murya ba. Ta zauna gaban kwamfutar ta ce, "Baba, wa ya ce mata muna Saudiyya?"

"Larabci na ce a sa mini."

"An sa maka har da ƙasar. Ita ba ta ganin wata, Baba. Inda aka ce mata tana zaune, lissafin can take bi. Duba."

Ta shiga wurin saitin, ta cire Saudiyya ta sa Maroko, ta bar masa Larabcinsa, ta daidaita lissafin watan da namu. Lambobinmu suka dawo. Goma ta koma tara.

Si Bushta ya matso da fuskarsa har hancinsa na neman taɓa allon. Ya daɗe a haka.

"Wato duk abin da aka gaya mata shi take faɗa?"

"Shi ke nan aikinta."

"Ragona fa?"

Ni na ce, tunda an kira ni ne don in faɗi gaskiya, "Ragonka ya yi daɗi, in ji waɗanda suka ci. Amma layya tana gobe. In kana so, ƙanena na da wani ɗan tunkiya da bai sayar ba."

"Ni in ja ramammen ɗan tunkiya a gaban liman, bayan duk gari sun ji ƙanshin nawa?"

Ya gyara zama, ya shafa gemu, ya dubi 'yarsa.

"Ke kika ce inda aka ce mata muna zaune, nan muke?"

"Ba haka na ce ba, Baba."

"Mayar da gidan nan Saudiyya. In an gama Sallah kya dawo da mu."

Nazha ta dubi uwarta. Lalla Zuhur ta ce, "Mayar masa, 'yar nan, mu samu mu ci abinci."

Ta mayar. Washegari muka dawo daga idi, layi ya cika da hayaƙi da kukan raguna. Na bi ta ƙofarsa, na same shi zaune da farar jallabiya, kwamfutar a kan cinya, yana nuna wa masu wucewa sha ɗaya ga wata, yana yi musu jajen makara.