Ba-Wasa a Kantin Kawunta

Doka ta fito kan sigarin lantarki: duk wanda ba shi da hatimin hukumar lafiya, ko aka yi masa ƙamshin alewa don jan hankalin yara, a kwashe shi. Aka raba wa jami'ai tituna, layin masu sayar da waya ya faɗo hannun wadda abokan aiki ke kira Ba-Wasa. Kantin farko a layin kuwa na kawunta ne, wanda ya riƙe ta tun tana firamare.

Shugabanta ya ce, "In da nauyi, sai in musanya miki."

"Bar min shi, ranka ya daɗe. Gara ni da wani."

Ta sami Kawu yana goge gilashin kantinsa. Da ganin rigar aikinta ya washe baki.

"Yau 'yar gidana ce da rigar gwamnati? Zauna a kawo miki lemo."

Ta gaishe shi har ƙasa, sannan ta miƙe. "Aiki ne ya kawo ni, Kawu."

Ta shiga zaro sigarin lantarkin da yake sayarwa ɗaya bayan ɗaya tana jerawa a kan teburi. Wasu kamar biro, wasu kamar jan-baki, da zanen mangwaro a kwalinsu. Maƙwabta suka taru a bakin ƙofa, kowa na son ya ga ko za ta ɗaga wa nata ƙafa.

Kawu ya rage murya. "Abin nan shi ya raba ni da taba. Ke shaida ce, tari har numfashina na sarƙewa."

"Shi ya sa ban taɓa waɗanda ka jera a sama ba. Suna da hatimi, an san abin da aka zuba a ciki. Amma tsakani da Allah, Kawu, wane magidanci ne zai nemi mai ƙamshin cingam?"

Ya kau da kai. Ta ɗauko wani da batirinsa ya kumbura har murfin ya tsage, ta ɗora masa a tafin hannu.

"Irin wannan a aljihun mutum yake fashewa."

"Da na san haka za ki zama, da ɗinki na sa ki."

"Da yanzu ina facin wandunan da suka ƙone."

Maƙwabta suka kwashe da dariya. Ta zuba su a kwali ta ɗaure, ta yi masa sallama. Kafin ta kai kanti na gaba, mai shi ya riga ya fito da nasa ya ajiye a bakin ƙofa.

Kawu ya kai ƙararta wurin mahaifiyarta, ita kuwa ta ce taurin kan a gidansa aka koya. Ya yi fushinsa ya gaji. Wata safiya Ba-Wasa na wucewa ta layin, ya yafuto ta, fuska a ɗaure.

"Zo nan, sarkin doka. Wane kamfani ne in na saro kayansa ba za ki dawo min da kwali ba?"

Ta ja kujera ta zauna.